Rim ɗin Baya da Kara Uku

Ni dai a gidanmu da yatsa aka san ni. Babban yatsana na dama ba ya hutawa. Kafin Yaya ya gama laluben lambar mutum cikin wayarshi, ni na tura saƙo, an ba ni amsa, har na bi da sitika. Shi ya sa ya laƙa mani Injiniyan Waya tun ina ajin farko a jami'ar garinmu Aliero. Shi a tsokana ya faɗa, ni kuwa na ɗauke shi na liƙa a furofayil, ina jin kaina wani shege.

Ina aji biyu abin ya faru, ƙarshen damina, lokacin da irin albasa ya isa dashe. Baba na da gona wajen Liba, cikin ƙasar Maiyama, ta gadon kakarmu. Can ya tura taraktarmu a buga haro kafin a ja fangali. Tsohuwa ce ja, ta girme ni nesa, Yaya ke tuƙa ta. Kwana biyu da fara aiki rim ɗin ƙafar baya ta hagu ya tsage, wato ƙarfen nan da taya ke zaune a kanshi. Tsagar ba a tsakiya take ba, can gefe ta bi, gab da roba.

Da Baba ya dawo gida ya kira ni zaure. Ya miƙo mani kara uku na dawa, kowane an yanke shi tsaf da wuƙa.

Ya ce, “Wanga dogon faɗin rim ɗin ne. Wanga na ramin tsakiya. Wanga ɗan guntun tsakanin ramin noti da ɗan'uwanshi. Ka tahi Jega da su, ka aza bisa wanda za a ba ka. In bai zauna ba kak ka ɗauko.”

Na karɓa da hannu biyu na ce to, Baba. A raina kuwa dariya nake. Kara? A zamanin nan? Ina fita na jingine su bayan ƙofa, na ce Yaya ya ɗauko mani hoton ƙafar. Na tura wa wani Alhaji mai sayar da kayan tarakta na hannu a Jega. Ko minti biyar ba a yi ba ya ce akwai, rami takwas, irinshi sak. Na ce wa kaina, ka ga aiki shap-shap.

A kan maganata Baba ya sa anka tuge irin albasa, anka ɗaɗɗaure shi, anka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Na kai rim gona ina taƙama, har na ɗauki hoto na dafa shi da ƙafa ɗaya. Da anka zo gwadawa, rami takwas ne, gaskiyar Alhaji. Sai dai in noti biyu sun shiga, na uku ya kauce da faɗin yatsa. Munka juya shi, munka sake juyawa, a banza. Yaya ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Baba bai yi dariya ba. Tambaya ɗaya ya yi mani.

“Ina karan?”

Na sunkuyar da kai.

Kwana uku wannan gayun nawa ya ci mana, don sai da Alhajin ya sa anka kawo wani rim daga wani gari. Iri kuwa da an tuge shi ba ya jiran kowa. Kullum Baba ya ɗaga buhu sai ya ga ganyen ya ƙara ja da baya, ya mayar ya rufe. Wannan ya fi zagi ciwo.

Ranar ta uku na tafi Jega da hantsi, kara uku sun leƙo daga jakar makarantata. Alhaji ya aza su kan sabon rim ɗaya bayan ɗaya, kowane ya zauna daram. Ya ce, “Wanda yay yanka karan ga ya san aiki.” Munka ɗora rim a keke mai ɗaukar kaya, anka ɗaure. Mai keken ya ce bari ya sha mai ya dawo. Ni kuma daɗi ya cika ni, na sayi zoɓo mai ƙanƙara, na zauna kan benci na shiga duba sitatus ɗin mutane.

Na Yaya ne na uku.

Bidiyo ne. Ga taraktarmu an ɗage ta da jak. Ga wani mai walda tsugune gindin ƙafar baya, tartsatsi na tashi. Tayar na nan kan tsohon rim ɗinta da ya tsage, ba a cire ba, an dai yafa mata buhunan albasa jiƙaƙƙu. Ga Baba tsaye da buta yana ƙara wa buhunan ruwa, gwiwarshi na gogar roba. A ƙasa Yaya ya rubuta: Injiniyan Waya, ka zo da naka mu yi kujera da shi. Ya jera fuskokin dariya.

Wallahi ledar zoɓon ban san lokacin da ta bar hannuna ba.

Muna da wani kos a makaranta na kiyaye haɗari wajen aiki, wanda kowa ke rainawa. Ni a baya nake zama ina latse-latsen waya. Amma rana ɗaya malamin ya kunna mana bidiyo a bango. Wata ƙatuwar taya ce kan rim, an tsayar da mutum-mutumi kusa da ita sanye da kayan aiki. Anka ɗan taɓa rim ɗin da wutar walda, mai waldar ya tafi abinshi. Shiru. Har 'yan aji sunka fara cewa Malam bidiyonka ya maƙale. Sai kawai mutum-mutumin ya ɓace. Hular kanshi ce ta sauko daga sama daga baya. Malamin ya ce zafi ke ratsa ƙarfe ya shiga roba ta ciki, ta kama dahuwa tana fidda iska, kai ba ka gani ba ka ji. Ya ce ko ka sace iskar tayar, ko ka jiƙa bayanta, ba ka tsira ba. Wata nan take take tashi, wata sai an gama an wanke hannu. Ranar munka yi ta ihu muna cewa a maimaita, kamar fim.

Yanzu inda mutum-mutumin ya tsaya, nan ubana yake tsaye da buta.

Na san abin da ya sa sunka yi haka. Cire tayar baya ta tarakta aikin yini guda ne, sai an ɗauko mai faci daga Maiyama da gudumarshi da ƙarafanshi. Kowa a wajenmu da buhu da ruwa yake yi. Kuma na san wanda ya ja Baba ya gaji da jira.

Na kira Yaya. Ba ta shiga. Na kira Baba. A kashe. Gonar nan sabis wuri ɗaya yake kamawa, saman wani ƙaton suri da ke bakin iyaka. Yaya ya hau ya ɗora bidiyonshi ya sauko, ke nan. Na rubuta: KU MATSA DAGA TAYA ZA TA FASHE. Alama ɗaya ta fito, saƙon bai isa ba. Na sake. Na yi na murya, shi ma bai isa ba. Yatsan da nake taƙama da shi ya riƙa latsa harafin da ba shi ba.

Na ce wa Alhaji ya faɗa wa mai keke ya biyo ni da rim, na kwatanta mashi gonar a tsaitsaye. Na tare ɗan kabu-kabu, ban ko tambayi komi ba na haye.

“Liba. Don Allah ka murɗe ta duka.”

Ya waigo. “Oga, mai naƙuda ce?”

“Ta fi naƙuda. Mu tafi!”

Ya kuwa murɗe. Hanyar Jega zuwa Maiyama na bi ta ba adadi, amma ranar kamar ana ƙara mata tsawo. Hannu ɗaya na riƙe ƙarfen baya, ɗaya na ta kira. Cikin ruɗewa na latsa lambar Inna. Bugu ɗaya ta ɗauka, ina jin ƙarar kwanuka tana wanke-wanke.

“Lahiya? Ka samo ƙarhen?”

Me zan ce mata, tana Aliero ba abin da za ta iya?

“Na samo, Inna. Kuskure na yi na latsa ki.”

“To Allah shi tsare. Ka ce ma babanku na aje mashi hura.”

Na kashe. Nan ne hawaye ya fara, iska na kwashe shi yana kai shi kunne.

Duk motar da ta taho daga wajen Liba sai na leƙa bayanta, ko an kwantar da mutum. Duk ƙarar da na ji, ko salansar babur ce, sai na waiga. Na riƙa lissafi: in sun gama tun ɗazu sun tada tarakta, Yaya ne zaune saman tayar, don kujerar direba tsakanin ƙafafun baya take. In ba su gama ba, Baba ne. Ko ta ina na juya lissafin, wani nawa ne a wurin.

Da munka sauka kwalta munka kama burji, sai ga garken shanu ya cika hanya. Bafulatanin na tafe a hankali da sandarshi a wuya, yana ɗaga mana hannu. Ɗan kabu-kabu ya tsaya yana hon. Na hango kan surin nan daga nesa. Na dire na kutsa cikin shanun da gudu, ni da ko ragon layya ba na iya riƙewa. Wata ta shafe ni da gefen ƙaho, ban tsaya ba.

Da na fito fili na ga tarakta tsaye lafiya lau. An sauke jak. Janaretan mai walda a kashe, injin iska a gefenshi, ke nan sun gama har sun buga mata iska. Na ce alhamdulillahi.

Sannan na ga inda suke.

Gonar nan ba itace ko ɗaya a tsakiyarta. In rana ta take, inuwar tarakta ita ce inuwa. Nan ake cin abinci, nan ake salla. Azahar ta yi, inuwar ta faɗo gabas, sai sunka shimfiɗa a nan. Baba na gaba kan buzunshi yana limanci. Yaya da mai walda na bayanshi. Dugadugansu kamar su taɓa tayar da anka gama yi wa wuta.

Na tsaya nesa kaɗan. Iska ta kaɗo mani wani ɗan wari siriri, irin na silifas da ya faɗa murhu.

Na yi ihu. “Baba! Ku taso! Tayar za ta fashe!”

Ba wanda ya motsa. Sunka yi ruku'u abinsu. Mai walda ne kaɗai ya ɗan karkato ido. Wa zai yanke salla don ihun yaron da ya kawo rim ɗin da bai shiga ba?

“Yaya! Don girman Allah!”

Sunka tafi sujada. Goshin ubana a ƙasa, bayanshi ga taya.

Gaskiya zan faɗa, ƙafafuna sun ƙi gaba. Tsoro biyu ne sunka riƙe ni. Na farko tayar, don na san abin da ta yi wa mutum-mutumi. Na biyu Baba. A gidanmu ko hularshi ba ka taɓawa. In yana salla, ko ƙanana sun san su zagaya ta baya, a hankali. Tunda nake ban taɓa kama jikinshi ba sai hannu wajen gaisuwa, shi ma a durƙushe.

Sunka ɗago sunka zauna. Na ga leɓenshi na motsi a natse. Na san Baba, ba ya gaggawar salla ko ana ruwa. Saura raka'a biyu, kuma bayan sallama sai ya ja tasbaha a nan inda yake.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na dai ga kaina na ratsa ta gabanshi, na cafki damtsenshi da hannu biyu, na fizge shi daga kan buzu. Ashe Baba ba shi da nauyi. Wannan ma ya ba ni tsoro. Hularshi ta faɗi. Na ja shi yana tuntuɓe cikin kunyoyi ba takalmi, ina ta faɗin ku gudo, ku gudo. Da liman ya tafi, mamu ma sunka biyo, Yaya na zagina tun daga baya. Ban sake shi ba sai bayan suri.

Munka tsaya muna haki. Tarakta na can tsaye, ba abin da ya same ta. Tsuntsu ma ya sauka kan sitiyari.

Yaya ya ci kwalata. “Kai mahaukaci ne? Baba kaj ja cikin salla? Baba?”

Mai walda, wani dattijo mai jajayen idanu, ya karkaɗe gwiwar wandonshi. “Yaro, tun ba a haihe ka ba nika wanga aiki. Na sace iska, na sa buhu, na bari tas sha iska kahin in buga. Mi yar rage? Boko dai, boko dai.”

Na fara bayani, roba, zafi, mutum-mutumi, duk ya cakuɗe a bakina. Ni kaina da na ji abin da nake faɗa ban yarda da ni ba. Minti ɗaya ya wuce, biyu, biyar. Shiru. Sai wani sabon tsoro ya taso mani: in ba ta fashe ba fa? Na janye ubana daga gaban Ubangijinshi a gaban baƙo, a banza. Da wane ido zan sake zama zaurenshi? Na kama kaina ina roƙon abu biyu da ba su haɗuwa.

Mai walda ya ce shi zai je ya naɗe wayoyinshi. Yaya ya ce bari ya ɗauko wa Baba takalmi da hula. Na riƙe rigar Yaya ina kuka kamar ɗan yaye.

Duk wannan Baba kallona kawai yake, daga fuska zuwa hannu. Can ya yi magana a hankali.

“Ina wayarka?”

Na shafa aljihu. Babu. Na leƙa, ga ta can yashe gefen buzu, gilashinta na walƙiya a rana. Wajen jan Baba ta faɗi.

“Tahi ka ɗauko ta.”

“Baba, ba ni zuwa.”

“Wayarka ce hwa.”

“Ko me za ta zama ta zama. Ba ni zuwa.”

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya juya ga su Yaya.

“Yaron ga da wayar ga yaka shiga makewayi. Da ita yaka cin tuwo. Tunda yab bar ta can, kowa shi zauna.”

Mai walda ya buɗe baki, Baba ya ɗaga mashi hannu. Ya gyara tsayuwa nan bayan suri, kan ƙasa tsura, ya ce Yaya ya tada iƙama. Ya dube ni ya ce, “Kana da alwala?” Na ce ina da ita tun Jega. Na shiga sahu. Anka sake salla daga farko.

Muna raka'a ta uku tayar ta tashi.

Ban iya kwatanta ƙarar ba. Ba kunne ta fara bugu ba, ƙirji ta buga. Ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafata, ɓarɓashin suri ya zubo mana a ka, wani abu ya wuce sama yana fito. Can nesa shanun nan sunka watse, Bafulatanin na ta kiransu. Mai walda ya zube ƙasa yana salati da ƙarfi. Ni da Yaya munka ƙanƙame juna.

Baba bai yanke ba. Muryarshi ta ɗan karye wajen kabbara, ya dai ci gaba. Munka lallaɓa munka bi shi a haka har ya yi sallama.

Sai da ƙura ta kwanta munka fita, ni a baya. Tarakta ta kwanta gefe ɗaya. Ƙarfen da ke rufe saman taya ya naɗe sama kamar ganye. Tayar ta yage, baƙin hayaƙi na fita daga cikinta. Buzun Baba mun same shi kashi biyu, ɗaya a kan ƙaya can bakin gona. Butar ba mu gan ta ba sam. Inda su Yaya sunka yi sahu, wani ɓallin bakin rim ya nutse cikin ƙasa, sai da anka sa fartanya.

Yaya ya tsaya kan wurin yana kallo. Ya zauna. Ya ciro wayarshi, ya hau suri ba wanda ya aike shi, ya goge sitatus ɗin. Yana can sama saƙonnina sunka riƙa shigo mashi a jere, ƙit, ƙit, ƙit. Bai sauko da wuri ba.

Mai walda kuwa ya haɗa kayanshi. Ya zo gabana ya dafa kaina ya wuce.

Wayata na tono ta cikin rairayi. Gilashin ya tsattsage, amma ta kawo wuta. Har yau ban canza shi ba, yana ɗan yankar yatsa in na yi sauri.

Wajen la'asar mai keke ya iso da sabon rim, yana tambaya ko mun ji wata ƙara. Baba ya ce in miƙo karan. Da kanshi ya tsuguna ya aza su ɗaya bayan ɗaya, dogon, na tsakiya, ɗan guntun. Ya miƙe ya ce, “Ya zauna.” Ga rim, ba taya. Albasar shekarar nan da shanun huɗa anka gyara mata wuri, rabin irin ma ya riga ya lalace. Ba wanda ya ce laifina ne, ba kuma wanda ya ce ba laifina ba ne.

Maganar jan da na yi mashi, Baba bai taɓa tada ta ba. Na yi kwanaki ina jiran kira zaure, ina tsara ban-haƙuri a raina. Ranar ta uku yana alwala tsakar gida ya naɗe hannun riga, Inna ta hango damtsenshi. Shatin yatsuna ne a jere, sun yi baƙi.

Ta ce, “Malam, mi yas same ka ga hannu?”

Ina bakin ƙofa da kwanon fura.

Baba ya duba wurin kamar yau ya fara ganinshi. Ya ci gaba da zuba ruwa.

Ya ce, “Ɗanki na. Ashe ya yi ƙarhi ba mu sani ba.”